Wuƙar Hannun Hagu

Yaya Bashir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Ya ruwan Fatakwal? Mu nan Azare lafiya lau, ƙafar Hajiya ma da sauƙi.

Wuƙar aljihu ta kamfani da ka aiko ta iso, sai ƙyalli take yi. Na kuma ga saƙonka, wai bai dace likitar dabbobi ta riƙa yawo da ƙirar Kawu Sale ba.

Ranar Talata, a wata ruga kusa da Gololo, igiya ta shaƙe maraƙi. Na zaro taka, ashe ba a yi ta don bahagwai ba. Ina laluben mabuɗinta, maraƙi na kakari. Ta Kawu kuwa, wadda sai da ya auna hannuna kafin ya ƙera ta, yatsa ɗaya ya buɗe ta, na datse igiyar. Ardo ya ce, "Likita, wannan hannun naki da albarka yake."

Hannun da ka sha buge mini a bakin akushi ke nan. Ta Kawu ba za ta bar jakata ba. Taka tana wajen Hajiya, ta ce wuƙar ta iya yanka kuɓewa.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza