Kansila a Tsakar Gidan Gwaggo

Asabar, 29 ga Mayu, 1999
Sojoji sun miƙa mulki. Baba ya wuni da rediyo a kunne, ni ina fama da haddar darasin tsare-tsaren gwamnati. Wallahi karatun nan bai shige ni ba. Da an buɗe canjin sashe a jami'a zan koma sashen koyarwa, in huta.

Laraba, 9 ga Yuni
Malaminmu Dakta Ashafa ya ba mu aiki: kowa ya tambayi mutanen unguwarsu me suke so farar hula su fara yi musu. Mazan ajinmu iyakarsu zaure, ni kuwa ba gidan da ba na shiga a unguwarmu Sheshe. Damuwata sharaɗin Baba kafin ya bar ni shiga jami'a: ranar da na kawo masa siyasa unguwa, ranar karatu ya ƙare. Baba ba ya maimaita magana.

Lahadi, 27 ga Yuni
Na zaga gidaje da sunan zumunci. Kowace mace maganarta ɗaya, kwata. Ta lungunmu ta toshe, da an yi ruwa sai ta dawo tsakar gida da duk ƙazantarta. Yaran Kulu maƙwabciyarmu ba sa rabuwa da gudawa. Maza kuwa sun zauna a zauren Baba sun tsayar da fitilun titi za su roƙi sabon kansila, Isyaku, wanda ya ce aiki ɗaya zai iya bana. Su a dakali suke zama, dakali kuma yana kan tudu. Raina ya ɓaci, ban san me ya sa na damu haka ba.

Talata, 6 ga Yuli
Dakta ya ce kafin gwamnati ta ɗauki matsala sai wani ya kai ta gaban idon mai mulki. Don jarrabawa kawai na rubuta. Sai a bas, wajen Ƙofar Na'isa, na tuna Gwaggo 'Yardada, yayar Baba, ita ta riƙe Isyaku yana maraya. Bai isa ya zo Sheshe bai shiga gaishe ta ba. Gidanta kuma ya fi na kowa cika da ruwan kwata.

Alhamis, 15 ga Yuli
Gobe Isyaku zai zo taron maza kan fitilu. Gwaggo in za ta yi baƙi takan sa a jera katakai a kan ruwan, ta turare ko'ina, kada a ga kasawarta. Na roƙe ta gobe ta bari.
"Ke 'yar nan, in bar baƙo ya taka ƙazanta?"
Na yi ta lallashi. Can ta ce, "To, ai Isyaku ba baƙo ba ne. Ni na wanke masa kashi."
Tsoro nake ji.

Juma'a, 16 ga Yuli
An sheƙa ruwa da hantsi. Bayan masallaci Isyaku ya shigo gidan Gwaggo cikin farar shadda, ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba, ya tsaya. Gwaggo na bakin ɗakinta, ba katako. Dole ya ratso ruwan, dole ya durƙusa. Ita kuma ta ja gaisuwa, matarsa, yara ɗaya bayan ɗaya, har surukarsa. Mata suka yi ta shigowa. Ba wadda ta ce kwata, ba sai an ce ba.
Na juya na ga Baba a soro. Ni yake kallo.

Asabar, 17 ga Yuli
Baba bai amsa gaisuwata ba.

Litinin, 2 ga Agusta
Leburori sun fara yashe kwatar, fitilu sai baɗi. Yau aka koma makaranta bayan ɗan hutu. Na shirya, na tsaya a soro da jaka, na kasa wucewa ta zaure. Sai na ji muryar Baba.
"Husaina, ba ki makara ba?"
Na durƙusa. Bai kalle ni ba ya ce, "Shekara da shekaru ina shiga gidan yayata a kan katako, ban taɓa duba ƙasa ba. In kin dawo ki faɗa mini sauran abin da matan suka ce."
Na yi kuka a bas, ban damu da masu kallo ba.
Yau aka rufe canjin sashe. Na wuce ta gaban ofishin ban tsaya ba. Wai layi ne ya yi tsawo.