Zobban da Kawu Ya Zaɓa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? Mu nan Manchester lafiya, sai sanyi.

Kin san na shiga ƙungiyar harbin nesa. Na daɗe ina bincike kafin na zaɓi scope, wato madubin saiti na kan bindiga. Ranar saye Kawu Sani ya taso daga Birmingham ya raka ni. Ya ɗauko zobban da ke riƙe madubin, gajeru, ya ce, "Waɗannan za ka saya, ni injiniya ne." Na san madubin zai taɓa bindigar, amma a gaban Bature mai shagon zan musa wa ƙanin Inna? Na biya kuɗinsu. Ban kuma sauya su ba, don ya ce zai zo kallon gasar da za mu yi.

Ranar gasa madubin yana gugar ƙarfe, harsashi yana zuwa inda ya ga dama. Ni na zo na ƙarshe. Kawu ya dafa kafaɗata a gaban mutane, ya ce, "Tun yana yaro hannunsa ke rawa." Na ce, "Haka ne, Kawu."

Wannan amsar ta fi faɗuwar ci mini rai.

Ki gaida Inna da maigidan. Ki roƙa mini Allah ya koya mini ce wa babba a'a, tunda a gida ba a koya mana ba.

Ƙaninki,
Nura