Kun Cika Shirun Tsohuwar Sri Lanka da Surutu

Zuwa ga Manajan kamfanin fassara finafinan ƙetare da ke Kano,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Sunana Rabi, ina sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Ajingi. Shekara shida na yi ina aikatau a Jidda, ɗakinmu ɗaya da wata 'yar Sri Lanka mai suna Nilmini. A wayarta na fara ganin 'yar wasan ƙasarsu da kuka fassara fim ɗinta kwanan nan.

Ranka ya daɗe, matar nan ta wuce yadda kuke zato. Na gan ta tana budurwa a fim marar kala, gashi har gadon baya. Na gan ta a matsayin uwa a wasannin talabijin, ga shi yanzu kanta ya yi fari fat tana fitowa a kaka, kuma har gobe ba a kama ƙafarta ba. Ko kalma ɗaya ta yarensu, Sinhala, ba na ji, amma wallahi in ta ɗago ido kawai sai tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa ganin wanda ya iya shiru kamarta ba.

Ga kukana:

1. Kun rubuta wai fim ɗin Indiya ne. Na san halinmu, duk macen da ta ɗaura sari Ba'indiya ce. To, ita ƙasarta daban, yarenta daban.

2. Wannan ya fi min ciwo. Akwai wurin da aka kawo mata rigar ɗanta masunci da teku ta tafi da shi. Ta zauna a bakin ƙofa ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Bakinta ko motsi bai yi ba. Sai mai fassararku, da yake bakinsa ba ya hutu, ya cika wurin da zuba, wai tana mitar mai wanki bai yi guga ba.

Ran Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na tara matan unguwa a tsakar gidana mu kalli fim ɗin, har ƙanwata ta zo daga Gafasa, don na cika musu baki a kan matar nan. Da aka zo wurin rigar suka bushe da dariya har da riƙe ciki. Ni kaɗai ce ke hawaye, kuma ban ga laifinsu ba.

Dama Nilmini ta roƙe ni in ɗauki bidiyon matan garinmu suna kallo in tura mata. Na ɗauka. Amma ita ma ƙaninta teku ce ta ci shi, ta yaya zan tura mata wannan dariyar? Kullum sai ta tambaya, kullum ina cewa babu sabis a Ajingi.

Roƙona, ku gyara sunan ƙasar, ku cire surutun nan, ku bar tsohuwa ta ninke rigar ɗanta. Ni kuma zan sake shimfiɗa tabarmi in kira mata.

Allah ya ƙara wa sana'arku albarka, ya sa ku yi gyaran da wuri, don na gaji da yi wa baiwar Allah ƙarya.

Wassalam.

Rabi mai man gyaɗa,
Ajingi.