Yatsu Biyu a Maƙogwaro

Litinin, 6 ga Maris

Digiri uku gare ni, amma kalma ɗaya ta kayar da ni a gaban makirufo. Gidan tarihinmu zai naɗi bayanin ɗakuna da Turanci saboda baƙi. Ni na rubuta, ni nake so in karanta. Bourgeoisie, wato ajin masu dukiya. Sau goma sha ɗaya ta fito, kuma da hannuna na zuba ta. Mutanen Ingila sun aro ta daga Faransanci sun lanƙwasa yadda suka ga dama, ni kuwa da na iso kanta sai harshena ya hau karkarwa. Costel mai naɗar sauti ya cire abin kunnensa ya ce, "Dokta, magana kike yi ko kurkurar baki?"

Darakta ya ba ni zuwa ashirin ga wata. In na kasa, muryar kwamfuta ce za ta karanta aikina na shekara biyu.

Laraba, 8 ga Maris

Na kai wa Gwaggo Ortansa furen ranar mata, ziyarar dole ta shekara-shekara. Yayar Baba ce, tamanin da huɗu, kunne ya kusa tafiya. Don kada mu zauna shiru na ba ta labarin kalmar. Ta ce, "Nuna mini bakin mai faɗar."

Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Na nemo wata Baturiya a waya. Ta ce in kashe sautin. Ta kalli leɓɓan matar sau uku, ta taɓa wuyanta, sannan ta faɗa. Daidai. Har da wannan kasalar tasu a tsakiya.

Na san ta koyar da kurame magana shekara talatin da takwas. Na san hakan kamar yadda na san tana da hawan jini.

Asabar, 11 ga Maris

Madubi, kyandir, da yatsunta biyu masu sanyi a maƙogwarona. In harshen wutar ya girgiza, na fitar da iska da yawa. In yatsunta suka ji rawa, na sa ƙarfi inda bai kamata ba. "Ke Ilinca, duk karatun nan ba a nuna miki inda harshenki yake kwana ba? Daina sauraron kanki. Ji nan." Ta ɗora hannuna a nata wuyan. Na ji kalmar tana wucewa ƙarƙashin fata kamar abu mai rai.

Talata, 14 ga Maris

Wata mata ta canja kujera a bas saboda ni, ina ta maimaita kalmar.

Alhamis, 16 ga Maris

Nelu mai gyaran takalma ya kawo mata silifas muna cikin darasi. Furfura fal kansa, kurma tun haihuwa. Ya sumbaci hannunta, ya buɗe baki ya ce, "Malama, kin rame." Bai taɓa jin muryar nan tasa ba. Ita ta gina ta, harafi bayan harafi. Sunansa kaɗai wata bakwai ya ci.

Da ya fita ta ce, tana goge madubi, "Kalmar taki ai tsohuwar ƙawata ce. Ita aka rubuta a takarduna ina shekara sha tara, don kakanki yana da kantin yadi. Da ita aka sallame ni daga jami'a."

Ɗaki na huɗu a gidan tarihinmu gaba ɗaya a kan wancan zamanin na mulkin gurguzu yake. Littafi arba'in na karanta. Ban taɓa tambayarta ba.

Litinin, 20 ga Maris

Sha ɗaya cif, ba maimaici. Costel ya leƙo ta gilashi ya ce, "Dokta, wa ya yi miki juyen harshe?" Muryata za ta zauna.

Laraba, 22 ga Maris

Ban gaya mata an gama ba. Na je da wata kalma da na iya tun ina sakandare, na ɓata ta da gangan. Ta ɗora yatsu a maƙogwarona.

"Ƙarya kike yi, 'yar nan. Maƙogwaronki bai iya ba." Ta ture madubin gefe. "Zauna dai. Akwai miya."

Na zauna har ta huce a kwano. Hanya ce kawai ta biyo da ni unguwarsu, ba wani abu ba. Ina jin ranar Asabar ma za ta biyo.