Biskit Mai Siffar Allo

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya jikin maigidan, ya yara da sanyin Jos? Mu nan Bunkure lafiya lau, sai dai bayana har yau kamar ba nawa ba.

Abin yankan biskit mai siffar allo da kika aiko don walimar saukar Hafsatu ya iso, amma wallahi ya ba ni wahala. Kin ce in murza kwaɓin da kwalba, ba ki faɗi kaurinsa ba. Ni kuwa hannuna da taliya ya saba, sai na murza shi falan-falan. Ina cirewa daga tukunyar yashi, wuyan kowane allo ya karye, gefen ya ƙone. Karo na biyu haushi ya sa na bar shi kamar gurasa, waje ya yi ja, ciki ɗanye. Alkamar da muka noma da ban ruwa, haka na yi ta zuba wa kaji.

Maƙwabciyata Talatu ce ta cece ni. Ta ajiye fensir biyu, hagu da dama, ta ce in ɗora kwalbar a kansu in murza. Kaurin fensir, shi ke nan fa!

Kwana biyu ina duƙe ina zana musu layi da sukari, mata suka cinye kafin a shafa fatiha.

Ki gaishe da kowa, ki saka mu a addu'a. Hafsatu ta ɓoye miki guda ɗaya a gwangwani. Ki zo kafin tururuwa su riga ki.

Ƙanwarki,
Rabi