Ƙwayarka Ta Sa Duna Shan Ruwan Randa

Zuwa ga Malamin Dabbobi na bakin iyaka, Jibiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka, da ta iyali, da ta farar rigar nan taka. Ni ce tsohuwar Farfaru wadda ka tsayar ranar Talata, sati uku ke nan, ina kan jaki za ni tsallaken iyaka, ƙasar Faransa, duba 'yata, karena Duna na biye. Kai sa'an jikana ne, saboda haka zauna ka ji. Na sa a karanta wannan a fili ne don sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mani ka tafi rangadi.

Na ɗaya. Duna karen marigayi mijina ne, da shi ya yi farauta, kuma cikin abin da ya bari shi kaɗai ke numfashi. Susa ce kawai ke damunsa. Ban roƙe ka magani ba. Shanu anka aje ka dubawa, ba karnukan tsofaffi ba. Kai ka hango shi, ka zaro kwalba, ka ce sabuwar ƙwayar Turai ce, wai kotizon, irin wadda Nasara ke ba karensa. Biyu da safe, biyu da marece. Daga nan ba ka ƙara ko kalma ba, sai gyara hula.

Na biyu. Susa ta tsaya, wannan na ba ka. Amma karen da ke kamo zomo a guje, yau cikinsa ya yi tulu, ƙafafu sun zama kara, gashi na zuba, yana haki ko a inuwa. Ci kuwa, ya cinye tuwonsa, ya cinye dusar awaki, jiya har tsumman da nake ɗaure daddawa ya haɗiye. Fitsari tun daga zaure har gindin rumbu.

Na uku, kuma nan ciwon yake: ƙishirwa. Shekara tara Duna bai taɓa wuce kaskonsa na bayan danga ba. Yanzu sau huɗu yana ture faifai ya tsoma baki a randar gida. Kai ma Musulmi ne, ka san hukuncin: a zubar da ruwan, a wanke randa sau bakwai. Matar ɗana ke jawo ruwan nan a rijiya, hannunta duk kanta. Ɗana, mai gidan, ya ce hauka ce ta kama karen, kuma ranar Lahadi in an tashi kasuwa zai kai shi daji ya komo shi kaɗai. Na ce mashi mahaukacin kare gudun ruwa yake, wannan ko binsa yake. Ya ce zancen tsofaffi ne. Maganar mai farar riga kaɗai zai saurara.

Na huɗu. Da na ga haka na daina ba shi ƙwayar. Kwana biyu ya kwanta kamar jiƙaƙƙen zane, yana amai, dole na mayar da shi kanta. Sai mai sharar ofishinka ne ya gaya mani ba a yanke ta lokaci guda, a hankali ake ragewa. Mai tsintsiya ya sani, ya faɗa. Kai fa, ka sani ka yi shiru ne, ko ba ka sani ba? Zaɓi wadda ta fi maka daɗin ji.

Roƙona bai da yawa. Ka hau kekenka ka zo Farfaru kafin Lahadi, ka tsaya a zaure ka gaya wa ɗana da bakinka cewa ƙwayarka ce, ba hauka ba. Ka nuna mani yadda ake rage ta. Kuma duk wanda za ka sake miƙa wa kwalbar nan, ka gaya mashi abin da zai biyo baya.

In ba ka zo ba, ba zan tsaya jiran a tashi kasuwa ba. Ranar Lahadin da hantsi zan kawo maka Duna har ƙofar gidanka, in ɗaure shi, ka riƙe shi har ya warke, sannan ka mayar mani da abina da rai. Ka dai sa a cika randuna.

Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka ilimi, don na ga akwai sauran wurin zuba shi.

Wassalam.

Ni ce kakarka ta Farfaru, mai Duna.