Hawainiya Mai Rawani

Talata, 16 ga Afrilu, 1985

A rubuta, a kuma sanar da duk ƙasar Adar: yau, da furfurata da komai, na gano na iya zane. Jiya sojoji suka yi bikin tunawa da juyin mulkinsu, yau nawa.

Ga yadda baiwar ta sauka. Ina zaune a bayan ajin gwaji, inda ɗalibanmu masu shirin zama malamai ke koya wa ƙananan yara karatu, ni kuwa ina ba su maki. Yau Attaher ne a gaba, dogon Buzun nan na wajen Takanamat. Tun wancan satin yana kan harafi ɗaya. Ya rubuta a iska, ya sa su rubuta a ƙasa, ya bi su yana riƙe musu hannu. Kafin ya kai ƙarshen baƙaƙe, yaran nan sun aurar da jikokinsu. Barci ya fara ɗibata, sai na jawo allon wani yaro da bai zo ba, na zana hawainiya da rawani, ƙafa ɗaya a sama tana shawarar ko ta taka. Na miƙa wa 'yan ajinsu da ke kusa da ni. Ɗaya daga cikinsu, Abdu, dariya har da hawaye.

Laraba, 17 ga Afrilu

Ban goge allon ba. An tattara shi cikin sauran, da safe aka raba wa yara.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Duk lakwal ta ɗauka, makarantar kaf. Da Attaher ya juya baya, sai yaran su ɗaga ƙafa ɗaya suna rangaji. Yara masu zuwa da cikin da ba komai, ban san inda suke samun ƙarfin shaƙiyanci ba. Darakta ya tara ɗalibai, ya ce wa ya yi zanen. Ina tsaye a gefensa, har da girgiza kai irin na manya.

A gida na ba matata Balkisu labari don ta yi dariya. Ta ce, "Malam, kai da ke koya wa mutane tarbiyyar 'ya'yan wasu." Ta ɗauke kwanon tun ban gama ba.

Litinin, 29 ga Afrilu

Ashe uwar Attaher tana cikin bukkokin da ke bayan gari, wurin waɗanda fari ya koro daga arewa. Ko akuya ba ta rage musu ba. Rabin abincinsa na makaranta can yake kaiwa. In ya ci jarrabawar koyarwa, a ba shi aji da albashi. In bai ci ba, shi ke nan.

Bayan darasi ya same ni. Ya ce, "Mushe," yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, "wutsiyar ta fi kyau." Ya faɗa a hankali, kamar yadda yake komai. Na ce wace wutsiya. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, amsar da na samu ke nan.

Talata, 14 ga Mayu

Jarrabawa. Mai duba makarantu ya zo daga Yamai da baƙin tabarau. Attaher ya fara da kyau. Wata 'yar ƙarama, Tani, ta karanta abin da ke allo ba tare da an ja mata baki ba, na ga yatsanta yana bin haruffan. Sai wani a baya ya ɗaga ƙafa. Ajin ya watse da dariya, Attaher ya kasa mayar da su.

Baƙon ya ce wanda bai iya riƙe aji ba bai iya koyar da karatu ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Ko ba haka ba, abokin aiki?"

Na ce haka ne.

Alhamis, 16 ga Mayu

Zafi. Ban taɓa littafi ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Na je bukkokin. Uwarsa, Lalla, ta shimfiɗa mini tabarmar da ita kaɗai gare su, ta ce ɗanta yana yawan faɗin malaminsa mai ban dariya. Attaher ya dafa shayi, ba sukari. Ya ce akwai mota mai zuwa Arlit, ana ɗaukar lebura. Na ce ya dakata. Ya ce, "In jira mi, Mushe?" Na shanye shayin.

Litinin, 20 ga Mayu

Na gaya wa darakta wanda ya yi zanen. Zai rubuta a sake wa yaron jarrabawa bayan damina, amma dole dalilin ya shiga takardar, da sunana. A zamanin nan takarda in ta tafi sama ba a san da me take dawowa ba. Na ce ya rubuta. Na aika Abdu ya gaya wa Attaher. Ya dawo ya ce motar ba ta tashi ba tukuna, kuma Attaher bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Yau wata ɗalibarmu, Zalika, ce a ajin gwaji. Muryarta na rawa kamar ta ɗan akuya, maganar ba'a har ta zo mini baki, mai daɗi kuwa. Na haɗiye. Na tashi na taya ta raba alluna, ina duba bayan kowane.

Ba jinkirinsa ba ne ya kayar da shi. Ni ne.